Shan Man Mota Mai Ɗaki Ta Hannu: Yadda Za Ka San Gaskiya Kafin Ka Biya

Mota mai ɗaki ita ce wadda aka gina wa gado, kicin da banɗaki a bayan kujerar direba. Amurkawa suna ce mata RV, mutanen Ingila motorhome, Faransawa camping-car, Jamusawa kuma Wohnmobil, kuma da waɗannan sunaye za ka neme ta a kasuwa. Sabuwa tana da ɗan karen tsada, shi ya sa yawancin masu sha'awa ta hannu suke bi. Tambayar da kowa ke fara yi wa dillali ita ce yaya shan manta, kuma a nan ne aka fi yi wa mai saye daɗin baki.

Dalilin mai sauƙi ne. A Amurka hukumar kare muhalli, EPA, ce ke gwada shan man ƙananan motoci, ta sa a liƙa takarda a jikin gilashi, amma dokar ba ta hau kan manyan motoci irin waɗannan ba, don nauyinsu ya wuce fam 8,500. A Turai kuma, alƙaluman da aka fi yawo da su na fankon motar kaya ne tun ba a ɗora mata gida ba. Ke nan duk adadin da aka faɗa maka daga bakin mutum ya fito, mutumin da yake so ya rabu da motar. Aikinka kashi biyu ne: ka san abin da dangin wannan mota ke sha idan lafiyarsu ƙalau, sannan ka gano ko wadda ke gabanka ta fi 'yan'uwanta sha. Idan ta fi su, akwai ciwo a jikinta, kuma ciwon ya fi man tsada.

Fara da daidaita ma'auni

Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Ingila kuma lita 4.546. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Saboda haka ɗan Ingila da ya ce motarsa tana yin mil 28 da galan ɗaya, a ma'aunin Amurka mil 23 da ɗan wani abu yake nufi. Mutane da yawa suna kwatanta tallan ƙasashen biyu kai tsaye, su ɗauka motar Turai aljana ce.

Don komawa lita nawa a kilomita 100, raba 235 da adadin Amurka, ko 282 da adadin Ingila. Mil 8 a galan na Amurka ya zama lita 29 a kilomita 100, wato kilomita 3.4 kacal a kowace lita. A wannan jagora duk inda aka ce galan, na Amurka ake nufi.

Akwai wani tarko na harshe da ya shafe mu. A gida idan aka ce gas, dizal ake nufi. A Amurka kuwa gas fetur ne. Tallan da ya ce motar gas ce, to mai fetur ce, kada ka yi lissafi a kan dizal.

Gano dangin motar, ba sunan kamfanin da ke jikinta ba

Sunan da aka rubuta a gefe da manyan haruffa, Winnebago ko Thor ko Hymer, na maginin ɗakin ne. Shan mai kuwa yana bin inji, shasi, nauyi da girman goshin motar. Duba takarda ka ga wane shasi ne a ƙasa.

A Amurka an kasa waɗannan motoci aji uku: A, B da C. Ajin A mai fetur ita ce mai kama da bas. Yawancin na hannu a Amurka suna kan shasin Ford F-53 da injin V10 mai lita 6.8, ko kan shasin Workhorse da injin GM mai lita 8.1. Abin da za ka sa rai shi ne mil 6 zuwa 8 a galan, wato lita 29 zuwa 39 a kilomita 100. Tun wajen 2020 Ford ya maye gurbin V10 da V8 mai lita 7.3. Ya fi shiru, ya fi ja a ƙasa, amma bai mayar da motar mai tsimin mai ba. Tsofaffin da ke da injin 454 na Chevrolet ko 460 na Ford, musamman masu kafireto, suna zama a ƙasan wannan adadi.

Ajin A mai dizal, wadda injinta ke baya, galibi da injin Cummins mai lita 6.7 ko 8.9 da giyar Allison, tana yin mil 7 zuwa 10. Ta fi mai fetur nauyi nesa ba kusa ba, wani lokaci ninki, don haka fifikon dizal ɗin yakan tafi wajen ɗaukar nauyin.

Ajin C ita ce mai kan motar kaya da gado a saman direba. A kan Ford E-350 ko E-450 da V10, mil 8 zuwa 10 za ka samu. Nan ne mutane suka fi yaudarar kansu: suna ganin ta fi ajin A ƙanƙanta, sai su zaci za ta sha rabi. Ba haka ba ne. Injin ɗaya ne, faɗin da tsayin sama kusan ɗaya ne, kuma tozon nan da ke saman gilashi tare iska yake yi. Mai tsawon ƙafa 24 da mai ƙafa 31 a kan shasi ɗaya, da ƙyar bambancinsu ya wuce mil ɗaya a galan.

Ajin C a kan Mercedes Sprinter mai dizal V6 lita 3.0 tana kai mil 14 zuwa 17. Ajin B, wato motar kaya da aka mai da cikinta ɗaki ba tare da an faɗaɗa jikinta ba, tana yin 14 zuwa 17 idan fetur ce kamar Ram ProMaster, ta kusa 20 idan dizal ce kuma direba mai haƙuri ne.

A Turai hoton daban ne. Kaso mafi tsoka na motocin kan Fiat Ducato aka gina su, ko tagwayenta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, da ƙaramin injin dizal mai lita 2.2 ko 2.3, na kafin 2006 kuma 2.8. Lasin tuƙi na gama-gari iyakarsa kilo 3,500, shi ya tilasta wa magina rage nauyi. Wadda ba a faɗaɗa ba tana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita 100, mai shafaffen goshi 10 zuwa 12, mai tozo a sama 11 zuwa 14.

Ka riƙe waɗannan iyakoki a kanka. Mai motar V10 ajin A da ya ce maka yana samun mil 12, ko dai a gangara ya auna da iska a bayansa, ko bai taɓa aunawa ba, ko kuwa yana so ka biya da sauri.

Iska ce ke shanye man

Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya a fahimta sosai, domin shi ke bayyana dalilin da mutum biyu masu mota iri ɗaya za su ba ka lissafi daban, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Motar ajin A faɗinta kusan mita 2.6 ne, tsayinta sama ya haura mita 3.5. Bango ne mai girman murabba'in mita 9 kake turawa cikin iska, alhali ƙaramar mota ba ta wuce 2 da ɗan kai ba. Turjiyar iska kuma ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninka kanta take yi. Daga mil 55 a awa zuwa 65, gudun ya ƙaru da kashi 18 cikin 100, amma turjiyar ta ƙaru da kashi 40. A ma'aunin Turai, daga kilomita 90 zuwa 110 turjiyar ta ƙaru da kusan rabi. A kan babbar hanya, yaƙi da iska ne ke cin mafi yawan ƙarfin injin, don haka motar da ke ba da mil 8.5 a gudun 58 tana iya faɗowa ƙasa da 7 a gudun 70.

Iskar da ke tahowa ta gaba ma gudu ce. Kana tafiya mil 60, iska tana zuwa da mil 20, injin ji yake kamar 80 kake yi. Duk wanda ya bi hanyar I-80 ta jihar Wayomin ya san wannan. Ta gefe ma ba ta bari, domin tana bugun doguwar kafaɗar motar, direba yana ta kokawa da sitiyari, tayoyi suna gogar kwalta a karkace.

Nauyi yana da tasiri, amma a hawa da cikin gari ya fi nunawa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya zubar da ruwan tanki ba zai canza lissafi sosai ba. A hawan duwatsun Kolorado, inda ramin Eisenhower, wanda hanya ke ratsa cikin dutse ta cikinsa, yake a tudun da ya haura mita 3,400 daga matakin teku, kowane kilo sai an biya masa, kuma injin fetur marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Janyo ƙaramar mota a baya, al'adar da ta zama ruwan dare a Amurka, yakan rage rabin mil zuwa mil ɗaya a galan.

Saboda haka idan mai mota ya ba ka adadi, bi shi da tambaya uku: a wane gudu, a wace hanya, da mota a baya ko babu. Adadin da bai zo da waɗannan ba, ba shi da amfani.

Nemi rasit, ka cire kason janareta

Gani ya kori ji. Masu kula da motarsu da yawa suna ajiye littafi ko manhaja da suke rubuta lambar mitar tafiya da yawan man da suka sha a kowane gidan mai. Nemi cika tanki biyar ko shida a jere. Ɗaya ba ya isa, domin fanfo ba ya tsayawa a wuri ɗaya kullum, balle idan motar ta ɗan karkata a lokacin. Kada ka dogara da lambar da kwamfutar gaban mota ke nunawa: sau da yawa tana ƙara gishiri, kuma ana iya goge ta a fara sabon lissafi a kan gangara minti goma kafin ka iso.

Motocin Amurka suna da janareta a ciki, galibi Onan, kuma daga babban tankin motar yake sha. Mai wat 4,000 yana shan kusan rabin galan a awa idan rabin ƙarfinsa ake ja, ya fi haka idan na'urar sanyaya ɗaki tana aiki tuƙuru. An ɗora bututunsa a tanki ta yadda zai mutu idan mai ya sauka kusan kwata, don kada ya bar ka a daji. Yana da mitar awa tasa.

Ga yadda lissafin yake. An cika tanki mita tana kan mil 61,200. An sake cikawa tana kan 61,612, ta sha galan 55. Mil 412 a raba da 55 ya ba da 7.5. Amma mitar janareta ta nuna awa 10 a tsakani, wato galan 5. A cire su, saura 50, lissafin injin motar ya koma 8.2. Dukansu gaskiya ne. Na biyun shi ke gaya maka lafiyar inji, na farkon kuma shi ne abin da zai fita daga aljihunka idan kai ma mai kwana da sanyi ne.

A motocin Turai janareta ba kasafai ba ne, sai dai wasu suna da na'urar ɗumama ɗaki mai shan dizal daga tanki, irin su Webasto ko Eberspächer. Ƙarama mai kilowat 2 ba ta kai kwatan lita a awa ba, amma daren hunturu dogo ne.

Abu ɗaya game da mita: ƙarancin tafiya ba abin murna ba ne. Motar da ta shekara 12 da mil 15,000 kacal zaune ta yi rayuwarta. Birki ya kama, roba ta bushe, fetur mai haɗin etanol ya tsotsi ruwa ya lalace a tanki, dizal kuma ya yi dauɗa a ƙasa. Irin wannan ce ta fi ba da mamaki a gidan mai.

Tayoyi da sikeli, tun kafin a tayar da inji

Zo da gejin iska naka wanda ke kai fam 120 (wato psi, ma'aunin iskar taya), ka auna kowace taya da sanyi. Kada ka tsallake ta ciki a tagwayen baya. Ita ce ake mantawa da ita, tana iya yin wata da watanni babu iska, ta wajen tana ɗauke da kayan duka, mai yana ƙonewa a banza, ga haɗarin fashewa. Manyan tayoyi masu inci 19.5 da 22.5 suna ɗaukar fam 80 zuwa 110 gwargwadon nauyi. Tayoyin Ducato masu alamar CP suna kai fam 80 a baya. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke liƙe kusa da kujerar direba, ko a jadawalin kamfanin taya bayan an auna nauyin kowane aksil.

Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar irin wannan mota tsufa ke kashe ta, ba gogewa ba. Wadda ta haura shekara 6 ko 7 ka sa kuɗin canza ta a ciniki ko da zanen jikinta kamar sabo. Shafa hannu a kan zanen tayoyin gaba: idan gefe ɗaya ya cinye ko yana da kaifi kamar haƙorin zarto, saitin ƙafa ya goce, motar tana jan taya ne maimakon mirgina ta.

Idan girman taya ba shi ne na asali ba, mitar tafiya ma ƙarya take yi, kuma duk lissafin rasit ɗin ya gurɓace. Gwada ta da GPS na waya a tafiyar mil 10.

Sai sikeli. A Amurka akwai sikelin CAT a manyan tashoshin tirela, kuɗin awo bai taka kara ya karya ba, kuma yana ba da nauyin gaba da na baya daban. A Turai akwai sikelin jama'a a garuruwa da dama. Kwatanta abin da ya fito da iyakar nauyin da ke kan farantin motar. Masu ita na baya sukan ƙara batura, farantin hasken rana, rumfa, akwatin kaya da marikin keke, kowanne da nauyinsa, na kan rufi kuma da tare iskarsa. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin galan 80 ya haura kilo 300. A mota mai iyakar kilo 3,500 sau da yawa abin da ya rage na mutane da kaya bai wuce kilo ɗari uku ko huɗu ba.

Gwajin hanya

Zagayen mil 20 ba zai ba ka adadin shan mai ta hanyar cika tanki ba. Galan biyu ko uku kawai za ta sha, kuskuren fanfo shi kaɗai ya kai galan ɗaya. Idan mai motar ya yarda, ka biya kuɗin man, ku yi mil 100 zuwa da dawowa a hanya ɗaya don iska da gangara su soke juna, a cika a fanfo ɗaya, motar tana fuskantar gefe ɗaya, a tsaya a ƙaran farko. Idan bai yarda ba, mayar da hankali ga alamomin ciwo.

Sayi ƙaramar na'urar OBD, wato mai karanta bayanan kwamfutar mota, mai haɗuwa da waya. Ramin da ake soka ta yana ƙarƙashin sitiyari a yawancin masu fetur na bayan 1996 da kuma Ducato da Sprinter na zamani. Manyan masu dizal na baya suna da wani rami daban irin na tirela, sai da na'urar da ta dace da su. Abubuwa uku za ka kalla.

Na farko zafin ruwan inji. Ya kamata ya hau zuwa digiri 85 ko 95 cikin minti goma zuwa sha biyar, ya zauna nan. Idan ya tsaya a 70 a kan hanya, tamostat ya maƙale a buɗe, kwamfuta tana ɗauka injin bai gama ɗumama ba, tana ta ƙara masa mai. Makanikanmu na gida sun saba cire tamostat gaba ɗaya wai don kada inji ya yi zafi. A injin zamani wannan ɗabi'a mai take sha, ba ta maganin komai.

Na biyu, a injin fetur, lambar gyaran mai ta dogon lokaci, wadda manhajar ke rubutawa LTFT. Tana nuna kashi nawa kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan man da aka tsara. Tsakanin ragin 5 da ƙarin 5 lafiya ce. Ta wuce 10 akwai magana: iska tana shiga ta wani tsage, sansar auna iska ta yi datti, famfon mai ya gaji, ko sansar iskar salansa ta tsufa. A injin V10 akwai sanannen ciwo: ƙusoshin da ke riƙe bakin salansa a jikin inji suna tsatsa su karye. Alamarsa ƙara ce tik-tik-tik da safe idan inji da sanyi, ta ragu idan ya yi zafi. Iskar waje tana shiga ta wurin, sansa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Leƙa ta bayan tayar gaba da tocila ka ƙirga kawunan ƙusoshin, ka duba baƙin hayaƙi a gefen.

Na uku, duba ko an goge lambobin matsala kwanan nan. Na'urar tana nuna ko gwaje-gwajen cikin kwamfuta sun kammala. Idan yawancinsu ba su kammala ba a motar da aka ce ana hawa kullum, wani ya kashe fitilar gargaɗi kafin zuwanka.

Daga nan sai giya. A gudun mil 60 a miƙe, ɗan taɓa totur kaɗan ka kalli allurar juyin inji. Idan ta yi tsalle ba tare da gudun ya ƙaru ba, giyar ba ta kulle ba, ƙarfi yana narkewa ya zama zafi. Zaro sandar man giya idan akwai: ja mai haske ake so, ba ruwan ƙasa mai warin ƙuna ba. Masu V10 a kan F-53 daga 2016 giya shida gare su maimakon biyar, sun fi shiru a hanya, ribar man kuwa kaɗan ce.

Birki kuma da na'urar auna zafi daga nesa ake kama shi. Bayan tafiyar mil 10 ba tare da yawan taka birki ba, tsaya a hankali ka haska kowace ƙafa. Hagu da dama su yi kusa da juna. Ƙafar da ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, birkinta a maƙale yake. A fili mai shimfiɗa, sa giya a furi ka saki birki daga tafiyar ƙafa: lafiyayyar mota mirginawa take yi ta tsaya a hankali, ba tsayawar farat ɗaya ba. Ka kuma saurari fankar inji. Ta yi ruri a hawa ko da zafi daidai ne, amma idan ba ta daina ruri ba ko da sanyi, kulocinta ya kama, kuma dawakai da yawa take ci.

Idan dizal ce ta zamani

Motocin dizal na Amurka daga 2007 suna da matatar hayaƙi, DPF, daga 2010 kuma yawancinsu suna shan ruwan tsabtace hayaƙi, DEF, wanda Turai ke kira AdBlue. Ruwan yana tafiya kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na dizal ɗin da aka sha, ka sa shi a lissafi. Matatar tana tara toka, lokaci-lokaci kwamfuta ta zuba ƙarin mai ta ƙona ta. Motar da ke yin gajerun tafiye-tafiye ko zaman banza da inji a kunne matatarta cika take yi da wuri, ƙonawar ta yawaita, shan mai ya hau, wani dizal ɗin ma ya gangara cikin baƙin mai. Idan sandar baƙin mai ta nuna ya haura cika kuma yana warin dizal, ga dalilin nan. Hayaƙi baƙi lokacin taka totur yana nuna tsagewar bututun turbo, toshewar matatar iska ko nozul da ya gaji.

Za ka gamu da masu cewa sun cire matatar don rage shan mai. A Amurka haramun ne a dokar tarayya, a Ingila kuma tun 2014 motar da aka cire wa matata faɗuwa take yi a gwajin lafiyar mota na MOT. Tsohuwar dizal a Turai ma tana da nata harajin: wadda ba ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 na kuɗin Ingila kowace rana a yankin taƙaita hayaƙi na Landan, ULEZ, idan ba ta wuce kilo 3,500 ba, biranen Jamus da Faransa kuma suna da takardun shaida da ake liƙawa a gilashi.

Lissafin shekara

Yanzu ɗauki adadin da ke nuna shan mai mafi yawa na dangin motar, ba mafi ƙanƙanta ba, ka yi lissafi da tafiyar da za ka yi da gaske. Daga Niyok zuwa Los Anjalas kusan mil 2,800 ne. A mil 8 galan 350 ke nan, a mil 16 galan 175. Tankin F-53 yana ɗaukar galan 75 zuwa 80, na E-450 galan 55, don haka ka shirya tsayawa duk bayan mil 350 zuwa 500, ka kuma sani cewa fanfunan Amurka da yawa suna yanke kati a wani adadi, sai an sake sakawa.

Sai dai kada shan mai ya rufe maka ido. Yawancin masu irin wannan mota 'yan dubban mil suke yi a shekara. Mu ɗauka mil 5,000. Mai fetur a mil 8 za ta sha galan 625. Mai dizal a mil 10 za ta sha 500. Idan a misali fetur dala 3.50 ne dizal kuma dala 4, ta farko dala 2,188, ta biyu dala 2,000. Ribar ba ta kai dala 200 ba, kuma canjin baƙin mai sau ɗaya a babban injin Cummins, da matatun mai da na iska, ya cinye ta. Wanda ya ƙara dubban daloli ya sayi dizal don tsimin mai kawai, an sayar da kare an sayi biri. Dizal tana da hujjojinta: ja a hawa, birkin inji a gangara, laushin tafiya, tsawon rai. Tsimi yana zama hujja ne ga mai yin mil 15,000 ko fiye a shekara, ko ga wanda ya sauko gaba ɗaya zuwa Sprinter ko ajin B, inda shan ya ragu da rabi.

A wajen ciniki, duk abin da gwaji ya nuna ka nemi farashin gyaransa a rubuce daga gareji, ka cire daga kuɗin motar. Tamostat, matatar iska da sansa ƙananan kuɗi ne. Tayoyi shida, ƙusoshin salansa, nozul, matatar hayaƙi da giya manya ne. Rufin da ke yoyo ya fi su duka, ko da yake ba ruwansa da mai.

Ga mai niyyar kawo ta gida

Wanda zai ɗoro irin wannan mota a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, lissafinsa ya canza. Tun cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, motar da ke yin kilomita 3 da lita ɗaya ba abin wasa ba ce: Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230, lita 70 zuwa 80 ne zuwa kawai, ban da janareta da zafin Afrilu zai sa a kunna dare da rana. Gargada, shingayen bincike da cunkoso suna mai da tafiyar ta tashi-tsaya, inda nauyi ke cin mai fiye da iska, don haka ka rage kashi ɗaya cikin biyar daga adadin da aka samu a hanyoyin Amurka. Motar Ingila mai sitiyari a dama ba ta halatta a Najeriya ba.

Dizal mai matatar hayaƙi an ƙera ta ne don man da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce 15 cikin miliyan ba a Amurka, 10 a Turai. Man da ya fi haka, ko wanda aka gauraya da kananzir a bakin hanya, yana toshe matatar ya lalata nozul, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi ta koma rarrafe. Ducato ko Sprinter ta kafin zuwan matata, wadda makanikai suka riga suka saba da injinta a motocin haya da na kaya, ta fi sauƙin riƙewa. A ƙara mata matatar dizal ta biyu mai raba ruwa kafin famfo, a riƙa zubar da abin da ta tara duk mako.